ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA: YARON SHAGO CE, KADA A BA TA MAKULLI



Tun ranar 30 ga Nuwamba 2022 da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT, wata tambaya ta shigo zauren marubuta ta ƙi fita: ya dace marubuci ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen rubuta littafi ko tace shi? Mun kasu gida biyu. Wasu sun ce duk wanda ya taɓa ta ya fita daga sahun marubuta. Wasu kuma sun ce zamani riga ne, wanda ya ƙi sawa zai tsaya tsirara. Ni ra'ayina shi ne tana da wuri a aikinmu, amma wurin yaron shago ne. A aike ta, a sa ta share-share da ƙirge-ƙirge, a duba abin da ta kawo. Ranar da aka miƙa mata makullin shago, aka ce ita za ta ƙago labari ta kuma zaɓi kalmomin da za a faɗe shi da su, ranar an yi asarar marubuci, an kuma jawo wa Hausa asarar da ta fi ta marubucin girma.

ARO BA BAƘO BA NE A ADABINMU

Kafin mu ɗaga murya, mu tuna yadda ƙagaggen labari ya fara a boko. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutu. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa haɗin gwiwa ne tsakanin John Tafida da shi East ɗin. Ke nan tun ranar farko akwai hannun edita a cikin aikin, akwai kuma rubutun haɗin gwiwa.

Magana Jari Ce ma, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, manazarta sun daɗe da nuna cewa da yawan labaransa sun samo tushe daga waje: daga Dare Dubu da Ɗaya, daga tatsuniyoyin Jamusawa, daga labaran aku na ƙasar Indiya. Duk da haka babu mai karanta shi ya ji ƙanshin baƙunta. Dalili shi ne Imam ya tauna abin da ya aro, ya haɗiye, sannan ya fito da shi da bakin Bahaushe. Sarakunan ciki sarakunanmu ne, fadawan fadawanmu ne, wautar ma irin tamu ce. Aron ya bi ta cikin kan mutumin da ya san Hausa ciki da bai, ya san abin da zai ba Bahaushe dariya da abin da zai sa shi ya yi tsaki.

Haka kuma mu tuna da namu na gida. Lokacin da matasa a Kano suka gaji da jiran manyan kamfanonin ɗab'i suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama, an yi musu ca. An laƙaba wa aikinsu suna Adabin Kasuwar Kano. Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi ta gwabzawa a jarida a shekarun 1990 a kan darajarsa. Yau ana nazarin waɗannan littattafai a jami'o'i, har an fassara Alhaki Kwikwiyo Ne zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Darasin shi ne kada mu yi saurin tsine wa sabuwar hanya don kawai sabuwa ce. Amma akwai darasi na biyu: abin da ya ceci waɗancan littattafai, duk da kurakuran rubutunsu da rashin kyawun takardarsu, shi ne muryar da ke cikinsu ta gaske ce. Matar aure a Yakasai ko budurwa a Mandawari ta buɗe ta ga gidansu, ta ga kishiyar uwarta, ta ji maganar da ake yi a tsakar gida. Wannan muryar ce jarinmu, ita ce kuma na'ura ba ta da ita.

WACE HAUSA NA'URAR TA IYA?

Yana da kyau mu san yadda abin yake aiki, don tsoro da zumuɗi duk su ragu. Waɗannan manhajoji an ciyar da su da tarin rubutu mai yawan gaske, suka koyi wace kalma ce ta fi yawan bin wace. In ka tambaye su, suna jero kalmomi ne ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya fi dacewa da abin da suka gani. Don haka ingancin abin da za su ba ka ya dogara da abin da suka ci.

To me suka ci na Hausa? Mafi yawan abincinsu Ingilishi ne. Hausar da ke intanet kaɗan ce in an kwatanta, kuma rabonta uku ne. Akwai labaran kafafen watsa labarai, waɗanda da yawansu fassara ce daga Ingilishi. Akwai shafukan da aka juya da injin fassara ba tare da kowa ya duba ba, musamman tun da Google Translate ya shigar da Hausa a 2013. Sai kuma rubutunmu na waya, wanda ba ya bin ƙa'ida. Hausar zaure, da ta 'yan koli a Kurmi, da ta tsofaffin mata a wurin suna, da habaicin kishiyoyi, da zancen dukawa da marina da mahauta, mafi yawanta a baki take, ba ta taɓa hawa intanet ba.

Shi ya sa in ka ce ta rubuta maka babi na labarin soyayya, za ka sami Hausa a sama, Ingilishi a ƙasa. Za ka ga saurayi “ya faɗa cikin soyayya”, kamar wanda ya faɗa rijiya. Za ka ga zuciyar budurwa “ta tsallake bugu ɗaya”. Za ka ga an ce “a ƙarshen rana” inda Bahaushe zai ce daga ƙarshe dai. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne al'ada. Za ta sa uwa ta kira ɗanta na fari da sunansa gatsal a gaban mutane, ta sa amarya ta kalli surukinta ido cikin ido tana faɗa masa abin da ke ranta, ta sa ɗa ya zauna da mahaifinsa suna tattauna yadda yake ji game da budurwarsa. A gidan Bahaushe na cikin birni, rabin labari yana cikin abin da ba a faɗa ba. Alkunya, da kawaici, da shirun da ya fi magana nauyi, da gaisuwar da aka gajarta don a nuna fushi, su ne kayan aikin marubucin Hausa. Na'urar da ta koyi labari daga al'ummar da ke faɗin komai a fili za ta yi ta cike maka waɗannan gurabe da surutu.

Haɗarin da ya fi damuna a nan yake. Marubucin da ya ƙware zai ga wannan ya yi dariya ya goge. Amma ƙanenmu da ƙanwarmu da suka fara rubutu bana, waɗanda ba su karanta Imam ba, ba su karanta Bilkisu Funtuwa ba, za su ɗauka haka ake rubuta Hausa mai kyau, tunda ga ta a tsare, babu kuskuren harafi. Za su kwaikwaye ta, su saki a intanet, na'urar gobe ta sake cin wannan rubutun a matsayin Hausa. Kura ta ci kura ke nan. Harshen da ke da tarin littattafai kamar Ingilishi zai iya jure wannan. Namu da rubutaccensa bai kai ya kawo ba, ɗan gurɓataccen ruwa kaɗan ya isa ya ɓata randar.

INDA YARON SHAGO YAKE DA RANA

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Babban ciwon adabinmu tun shekarun 1980 shi ne rashin edita. Marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai dubawa, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari. Yanzu da aka koma waya abin ya ƙara lalacewa: a rubuta da dare, a saki da asuba. Mai cewa a guji na'ura gaba ɗaya ya kamata ya faɗa mana inda yarinyar da ke rubutu a ɗakin mahaifiyarta a Gwammaja za ta sami kuɗin biyan mai tacewa.

Akwai ayyukan da za ta iya rage maka. Ka ba ta babi goma ka ce ta lissafo sunayen taurari da shekarunsu da dangantakarsu, sai ka gano cewa wadda ka kira Hajiya Binta a babi na biyu ta koma Hajiya Bilki a babi na tara, ko cikin da aka samu da azumi an haife shi da babbar salla. Ka ce ta nuna maka kalmar da ka fi maimaitawa, sai ka ga tauraruwarka ta yi ajiyar zuciya sau talatin. Ka ce ta taƙaita kowane babi a layi biyu, sai ka ga babi huɗu a jere da babu abin da ya faru a cikinsu. Ka ce ta yi maka tambayoyin da mai karatu zai yi: me ya hana wane ya buga waya kawai? Ina aka bar yaron da aka sace? Duk wannan aikin ido ne da ƙirga, kuma tana yin sa da sauri ba ta gajiya.

A kan ƙa'idojin rubutu kuwa, a yi amfani da ita da ido biyu. Takan taimaka wajen raba “yayi” ya koma “ya yi”, ko “tace” ya koma “ta ce”. Amma a nan ma takan yi ɓarna, don wani “tace” ɗin na tace ruwa ne. Bambancin “akan” da “a kan”, da “saida” da “sai da”, ma'ana ce ke yanke shi. Haka haruffa masu lanƙwasa: kafa da ƙafa, bata da ɓata, karya da ƙarya, daki da ɗaki. Kalmar “kuka” kaɗai tana iya zama bishiya, ko hawaye, ko ku ɗin da kuka zo. In ta yi maka gyara, ka buɗe Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda aka buga a 2006, ka tabbatar. Kada kuma ka bar ta ta taɓa maganar taurarinka. In ka sa Basakkwace ya ce “shina zuwa” ko Bakatsine ya yi maganarsa ta gida, za ta mayar maka da su duka Kananci na aji, ta ɗauka gyara ta yi.

A nan cikin birni muna da misalin da ya ishe mu. Masaƙi ya saƙa, marini a Ƙofar Mata ya rina, sannan a kai wa mabugi ya buga har ya yi ƙyalli. Aikin mabugi aiki ne na gaske, amma sai an kawo masa zane yake bugawa. Edita, mutum ne ko na'ura, matsayinsa ke nan. Ka fara saƙa naka tukuna.

Bincike ma haka. Za ta iya nuna maka hanyar da za ka bi, amma kada ka ɗauki maganarta hujja. Tana ƙirƙirar ƙarya da fuskar gaskiya, ba ta ko ƙifta ido. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta buga jerin littattafai 15 da ta ce a karanta, ashe 10 daga ciki babu su a duniya, na'ura ce ta ƙago su ta jingina wa marubuta na gaske. In haka ta faru a Ingilishi da ta fi ƙwarewa a kai, me kake tsammani in ka tambaye ta tarihin Madabo ko yadda ake naɗin sarauta a Gidan Rumfa? Ka taka zuwa Gidan Makama, ka zauna da dattijon unguwa, ka tambayi mai sana'ar da kake son rubutu a kanta.

MATSIN “YAU BA A SAKI FEJI BA”

Mu faɗa wa juna gaskiya game da inda jarabar take. Yawancinmu yanzu a WhatsApp da Telegram da Wattpad da ArewaBooks muke sakin labari. Masu karatu sun biya 'yan ɗaruruwan nairarsu, suna jiran feji kullum. Ranar da aka yi rashin lafiya, ko aka ɗauke wuta, ko kan ya toshe, saƙonni sun fara shigowa. A irin wannan dare ne mutum zai ce bari na sa na'ura ta cike mini yau kawai. Gobe ma haka. Kafin wata ya ƙare, marubuciya ta zama mai kwafa da liƙawa a labarinta.

Asarar farko a kanka take. Toshewar kai da kake gudu ita ce makarantar. Daren da ka rasa yadda za ka sa uwar miji ta nuna ƙiyayya ba tare da ta yi zagi ba, ka yi ta juyi har ka samo, a daren ka ƙaru da abin da ba mai ƙwace maka. In na'ura ta tsallakar da kai, ka tsallake darasin, kuma littafi na biyar zai same ka inda na farko ya bar ka.

Asara ta biyu ta kasuwa ce. A Fabrairun 2023 mujallar Clarkesworld ta Amurka ta rufe karɓar labarai na ɗan lokaci, bayan an yi mata ambaliyar ɗaruruwan labaran na'ura a cikin wata guda. A Satumbar wannan shekarar Amazon ya ƙayyade cewa mutum ba zai ɗora fiye da littafi 3 a rana ba, ya kuma wajabta a sanar da shi in na'ura ce ta samar da rubutun. Ku auna irin wannan ambaliya a kan gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take fito da sababbin marubuta mata, ko a kan 'yar kasuwarmu ta waya. Idan kowa zai iya fitar da littafi a yini guda, mai karatu zai daina yarda da sabon suna. Tsofaffin hannu suna da masu karatunsu. Ku sababbi ne za ku biya kuɗin sabulu.

SUNA AMANA NE

Magabatanmu sun san bambancin mai wallafa da mai kwafa. A tsofaffin takardun ajami da na Larabci da ke gidajen malamai a cikin birni, mai kwafa yakan sa sunansa a ƙarshe a matsayin wanda ya rubuta da hannu, ba ya cewa shi ya wallafa. Mawaƙi kuma yakan ambaci sunansa a baitocin ƙarshe, ya sa shekara da ramzi, don a san wanda za a yaba wa ko a tuhuma. A kasuwa ma haka: hular hannu da hular inji duk ana sayarwa, kowacce da kuɗinta. Laifin yana wurin wanda ya sayar da ta inji a matsayin ta hannu. Sunansa algus.

A Janairun 2024 marubuciyar Japan Rie Kudan ta lashe kyautar Akutagawa, ta kuma faɗa da bakinta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na littafin daga ChatGPT ta ɗauko. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma ba a ƙwace kyautar ba. Abin lura shi ne labarin nata yana da na'ura mai magana a ciki, kuma ba ta ɓoye ba. Faɗin gaskiyar ne ya ba mutane damar su yi hukunci da kansu.

Akwai kuma batun doka. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana tun 2023 cewa abin da na'ura ta samar ita kaɗai ba ya samun kariya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta shardanta cewa sai an yi wani ƙoƙari da ya ba aiki siffarsa ta asali. Mu da muke kuka kullum ana kwashe mana littafi ana karantawa a YouTube ba izini, da wane baki za mu kai ƙara a kan shafukan da ba mu muka rubuta ba? Sannan kafin ka zuba littafinka da bai fito ba a cikin kowace manhaja, ka duba saitinta ka ga ko ana amfani da abin da ka sa wajen horar da ita.

ABIN DA NAKE BA DA SHAWARA

Na ɗaya, rubutun farko naka ne, daga farko har ƙarshe, ko da ya fito a karkace. Kada ka buɗe manhaja sai ka gama babin.

Na biyu, ka nemi ta nuna maka matsala, kada ka nemi ta gyara maka. Ka ce ina ne labarin ya yi sanyi, kada ka ce sake rubuta mini wannan. In ta nuna, kai za ka koma ka warware da kalmominka.

Na uku, duk suna, shekara, karin magana, aya ko hadisin da ta ba ka, ka ɗauke shi a matsayin jita-jita har sai ka tabbatar a littafi ko a bakin masani. Takan ƙago karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa ji.

Na huɗu, bayan na'ura sai mutum. Ka karanta babin da ƙarfi, ko ka karanta wa yayarka ko gwaggonka. Inda suka ce “wa yake magana haka?” ka goge. Mu kuma a nan mu riƙa musayar dubawa: ka duba mini babi, in duba maka. Haka 'yan Raina Kama suka ɗaga juna ba tare da kamfani ba.

Na biyar, in wani yanki na littafinka na'ura ce ta samar, ka faɗa a gabatarwa. In kuma ka ji kunyar faɗa, kunyar ta riga ta ba ka amsa.

Waɗannan manhajoji za su ƙara iya Hausa, ba shakka, kuma kurakuran da na lissafa wasu za su ragu. Amma Hausar da za su iya gobe ita ce wadda muke rubutawa yau. In mun zuba musu ta gaske, mai ɗauke da unguwanninmu da sana'o'inmu da kunyarmu da barkwancinmu, ita za su koya. In mun mayar musu da tasu, to jikokinmu za su gaji Ingilishi sanye da babbar riga.

Ina so a wannan makon kowa ya kawo jimla ɗaya da ya gani a labari ya tabbata ba bakin Bahaushe ba ce, ba tare da ambaton sunan littafi ko marubuci ba, sannan ya rubuta yadda za a faɗe ta a gidansu. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙaluma su yi albarka.